Yadda Mai Aiki a Fili Zai Kare Kansa Daga Saran Maciji, da Abin Yi Idan Ta Faru

Maciji ba ya farautar mutum. Mun fi ƙarfin cikinsa, dafin da yake tarawa kuma na ɓera ne da kwaɗo da ƙadangare. In ka ji ya sari wani, bincika da kyau, za ka tarar ko an taka shi, ko an zura hannu inda yake kwance, ko an tare masa hanyar gudu. Shi ya sa sara ya fi faɗa wa masu neman abinci a fili: manomi da makiyayi, mai yankan ciyawa, mai saran itace, lebura a wurin gini, mai gyaran wayar lantarki da ke ratsa daji daga turke zuwa turke, masunci, da mai gadi da ke zagaye cikin dare. Aikinsu ne ke kai ƙafarsu da hannunsu inda ido bai riga ya kai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa macizai na saran mutum kimanin miliyan 5.4 a kowace shekara. Daga ciki, dafi na shiga jikin miliyan 1.8 zuwa miliyan 2.7, mutum 81,000 zuwa 138,000 na mutuwa, masu rasa gaɓa ko nakasa kuwa sun ninka haka kusan sau uku. A 2017 hukumar ta sa matsalar cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a 2019 kuma ta fito da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. To amma dubi wannan: a Amurka macizai masu dafi na saran mutum 7,000 zuwa 8,000 a shekara, masu mutuwa ba su cika wuce 5 ba. A Indiya kuwa, wani babban bincike da aka buga a 2020 ya nuna kusan mutum 58,000 ke mutuwa duk shekara. Macizan ba ɗaya ba ne, yawan jama'a ma ba ɗaya ba ne, gaskiya ne. Sai dai babban abin da ya raba su shi ne takalmi a ƙafa, mota a kusa, da asibitin da ke da allurar kashe dafi a ajiye. Sa'o'in da ke tsakanin sara da wannan allura su ne komai, kuma tun kafin a fita aiki ake rage su.

Mataki na farko: ka san macizan inda kake aiki

Cikin nau'in macizai fiye da 3,000 da ke duniya, kimanin 600 ne masu dafi, waɗanda ke yawan kai mutum asibiti ko kabari kuma sun ɗan haura 200. A yanki guda, 'yan kaɗan ne ke da alhakin mafi yawan ɓarna. Su za ka sani, ba sai ka zama masanin macizai ba.

Manyan dangi biyu ne. Na farko dangin kububuwa da kasa, har da macijin Rasel na gonakin shinkafar Asiya, da mai ƙararrawa a wutsiya na nahiyar Amurka. Dafin waɗannan nama yake ci, ya kuma ɓata jini ya hana shi daskarewa. Kasa jibgegiya ce, ba ta gudu, ta dogara ga launinta ta lafe a kan hanya har ka taka ta. Kububuwa ƙarama ce, launinta na busasshiyar ƙasa, saurin fushi gare ta, in ta ji barazana sai ta naɗe tana goga jikinta da juna yana wani sauti kamar ana tsiyaya ruwa a kan ƙarfe mai zafi. Ƙanƙantarta kan sa a raina ta, alhali tana cikin macizan da suka fi kashe mutane a duniya.

Dangi na biyu su ne kumurci da gamsheƙa da mamba, da kirait na Kudancin Asiya, da taifan na Ostiraliya. Yawancinsu jijiyoyi suke kamawa, su shanye tsokar jiki har ta numfashi. Kirait kan sari mutum yana barci a ƙasa, ba zafi ba kumburi, sai da safe a ga ya kasa ɗaga fatar idonsa. Masu tofi a cikinsu kuwa sun fi ruɓar da nama in sun sara.

Darasi biyu za ka riƙe a nan. Rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce. Sannan kada ka dogara ga maganar da ake yi cewa mai faffaɗan kai ne mai dafi, mai siririn kai ba shi da komai. Mamba siririn kai gare shi.

Ka san lokacinsu kuma. Maciji ba shi da ɗumin jiki na kansa, don haka da sanyin safiya yakan fito shan hantsi a kan dutse ko hanya, rana na take sai ya shige ƙarƙashin wani abu, da magariba da dare da yawa su fito farauta. Saukar ruwan sama da ambaliya na koro su daga ramuka. Lokacin shuka da na girbi ne sara ke yawaita, domin a lokacin ne mutum da ɓera da maciji ke haɗuwa a fili ɗaya.

Mataki na biyu: a shirya hanyar asibiti tun ba a buƙace ta ba

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina ya fi duk sauran nauyi. Kafin aiki ya fara a sabon wuri, shugaban aiki, ko kai kanka in kai kaɗai ne, ya samo amsar tambayoyi kaɗan.

Wane asibiti ne mafi kusa da ke da allurar kashe dafi? Ba mafi kusa kawai ba, wanda ke da ita. Asibitoci da yawa ba sa ajiye ta, wasu kuma takan yanke musu. A buga waya ko a je a tambaya baki da baki, a kuma sake tambaya in damina ta shigo. A tambaya har da ko allurar ta macizan yankin ce. Dalili shi ne yadda ake yin ta: ana yi wa doki ko tunkiya allurar dafi kaɗan-kaɗan har jikinsu ya haɗa makarinsa, sai a ɗebi jininsu a tace. Tun wajajen 1895 da likitan Faransa Albert Calmette ya fara wannan hanya, asalin dabarar bai sauya ba. Makarin kuwa na macizan da aka yi amfani da dafinsu ne. An sha sayar da allurar da aka yi don macizan Indiya a Afirka, ta kasa taɓuka abin kirki.

Da me za a ɗauki mutum? In mota ce, a ajiye ta tana fuskantar hanyar fita, da mai a ciki, kowa ya san inda makulli yake, kuma a sami mutum biyu aƙalla da suka iya tuƙi, don wataƙila direban ne zai gamu da tsautsayin. In babur ne, a san wa zai tuƙa, wa zai riƙe. Kada a raina babur. A kudu maso gabashin Nepal an shirya masu babura 'yan sa-kai da ke kai wanda aka sara asibiti nan take, aka haɗa da wayar da kan jama'a, sai mace-mace suka faɗo daga kashi 10.5 cikin ɗari zuwa kashi 0.5. Ba sabon magani aka kawo musu ba, lokaci aka rage.

Ina waya ke kamawa? A san takamaiman wurin da sabis yake, a rubuta lambobin asibiti da na agajin gaggawa a takarda a liƙa, kada a bar su a wayar mutum guda. Wanda aikinsa ya tilasta masa fita shi kaɗai ya gaya wa wani inda za shi da lokacin da zai dawo.

Akwatin taimakon farko ba ya buƙatar tarkace: faffaɗan bandeji, katako ko sandar ɗaure gaɓa, almakashi, alƙalamin da ke rubutu a fata, ruwa mai tsabta da yawa, da farasitamol. 'Yan na'urorin zuƙe dafi da ake sayarwa an gwada su, abin da suke fitarwa bai taka kara ya karya ba, a bar su a kanti. Duk wannan nauyin mai aiki ne kafin ya zama na lebura. Wanda ya tura mutane cikin ciyawa shi ya kamata ya sayi takalmi, ya tanadi mota, ya tara su ya yi musu bayani ranar farko.

Mataki na uku: sutura

Mafi yawan sara daga gwiwa zuwa ƙasa yake, sai hannu. Saboda haka takalmi mai dogon wuya, na roba mai kauri ko na fata, shi ne rabin kariya. A sa dogon wando mai kauri, sakakke, a sauke shi a kan takalmin. Sakakken wando kan karɓi haƙori kafin ya kai fata, matsattse kuwa ba ya hana komai. Masu aiki cikin doguwar ciyawa su ƙara da makarin ƙwauri. In za a kwashi itace, duwatsu ko dami, a sa safar hannu ta fata. Ba ta tare kowane haƙori, amma ta fi tsirara.

Na san uzurin: zafi, nauyi, da taɓon da ke riƙe takalmi a fadama. Uzuri ne na gaske, ba lalaci ba. Amma in dole sai an sassauta, a sassauta a fili tsakar rana inda ake ganin ƙasa sarai, ba da magariba ko cikin ciyawa ba. Kuma duk takalmin da ya kwana a waje, a kife shi a kakkaɓe kafin a sa ƙafa. Haka jaka da safar hannu da bargo.

Mataki na huɗu: ido ya riga hannu

Ƙa'idar ɗaya ce, kada hannu ko ƙafa su je inda ba ka gani ba. Sai dai a wurin aiki tana da fuskoki da yawa.

Ɗauki misalin kwanon rufi da ya yi makonni a yashe a ƙasa. Ƙarƙashinsa akwai inuwa da ɗumi da ɓeraye, gidan maciji sosai. Mai gaggawa zai sunkuya ya cusa yatsu ƙarƙashin gefen da ke gabansa ya ɗaga, ya buɗe kogon yana fuskantar ƙafafunsa da fuskarsa. Yadda ake yi shi ne ka tsaya a gefe guda, ka miƙa ƙugiya ko doguwar sanda ka kamo gefen da ke nesa da kai, ka jawo shi sama ya taso wajenka. Kwanon ya zama garkuwa tsakaninka da abin da ke ƙasa, shi kuma ya sami hanyar ficewa ta can. Haka ake yi wa katako da tamfol da faffaɗan dutse.

In gungumen itace ya gitta hanya, ka hau kansa, ka leƙa ɗaya ɓangaren, sannan ka sauka da dogon taku. Kada ka tsallake shi a makance. Tulin bulo, tulin itace da damin da ya kwana a gona, a zungure su da sanda kafin a taɓa. Akwatin mita, bututu, kwalbati da ramin waya, a haska tocila a ciki tukuna. Ramin ɓera, shuri da kogon bishiya ba wurin sa hannu ba ne ko da kayan aiki ne ya faɗa ciki. Mai hawa bishiya ko dutse ya duba inda zai dafa. Masunci ya lura da abin da koma ta jawo kafin ya shiga warware ta.

A cikin ciyawa, ka riƙe sanda kana kaɗa gabanka, kana taka ƙasa da ƙarfi. Maciji ba shi da kunne a waje, amma yana jin girgizar ƙasa, da yawa za su kauce. Ban da kasa da kububuwa, su sukan lafe ne, shi ya sa sanda ba ta maye gurbin takalmi. Da dare ba a tafiya ba tocila, ko da fitsari za a zaga, ko da hanyar da aka saba ce.

Sansanin ma'aikata kuma a hana shi zama wurin kiwon ɓera. A rufe abinci da hatsi, a kai shara nesa, a sassabe ciyawar da ke kewaye, a ɗaga kayan gini daga ƙasa, a nisanta tulin itace daga makwanci. A kwanta a kan gado ko wani abu mai tudu, cikin gidan sauro da aka cusa gefensa ƙarƙashin shimfiɗa. A Nepal ɗin dai an gano masu kwana cikin gidan sauro sun fi tsira daga saran dare nesa ba kusa ba.

Mataki na biyar: in kun yi kiciɓis

Ka tsaya cik. Ka ja da baya a hankali, ba tare da wawwatsa hannu ba. Yawancin macizai ba sa kai sara fiye da rabin tsawon jikinsu, don haka taku uku ko huɗu sun fitar da kai daga hatsari, sai dai mai tofi da ke iya watso dafi tazarar mita 2 ko fiye. Ka sanar da abokan aiki, a ba shi hanya. In ya ƙi barin wurin aiki, a kira wanda aka horar da kama macizai.

Kada ka ce sai ka kashe shi. Mutane da yawa wajen kisa ko kamu suka sami sara, yawanci a hannu. Wanda aka kashe ma ba a wasa da shi, domin kan da aka datse yana iya cizo ya zuba dafi bayan wani lokaci. A 2018 wani mutum a jihar Texas ya sare kan maciji mai ƙararrawa da shebur, ya sunkuya zai ɗauke, kan ya cije shi, da ƙyar aka ceto ransa.

Mataki na shida: in ya sara

A janye mutumin daga wurin, kada a sami sara na biyu. A zaunar da shi ko a kwantar. A duba agogo, a rubuta lokacin. Wani ya kira asibiti yana gaya musu ana tafe, wani ya tayar da mota. A raba aikin, kada kowa ya taru a kansa ana kururuwa.

A kwantar masa da hankali da gaskiya, ba da ƙarya ba. Gaskiyar ita ce ba kowane maciji ne mai dafi ba, mai dafin ma sau da yawa yakan sara bai zuba komai ba, kuma ko ya zuba, yawanci sa'o'i ake ɗauka ba mintuna ba, maganin kuma yana aiki. Tsoro kaɗai na iya kawo jiri da haki da rawar jiki.

A cire zobe, agogo, awarwaro da takalmi daga gaɓar tun kafin kumburi ya zo. Zoben da aka manta a yatsa na iya cinye yatsan. In wando ya matse, a yanke shi da almakashi.

Sai a hana gaɓar motsi, kamar yadda ake yi wa mai karaya. Dafi ya fi bin magudanan ruwan jiki da ke ƙarƙashin fata, motsin tsoka ne kuma ke tura shi gaba. A sa katako ko sanda a gefen ƙafar, a naɗe da ƙyalle daidai yadda gwiwa da idon sawu ba za su lanƙwashe ba, ba tare da an matse ba. In hannu ne, a ɗaure shi haka a rataye a ƙirji. Kada ya yi tafiya da ƙafarsa in akwai yadda za a ɗauke shi, ko a kan ƙyaure, ko bargo, ko a goye. Gudu kuwa haramun ne a gare shi. Wanda yake shi kaɗai kuma waya ba ta kamawa, ya taka a hankali zuwa inda zai sami mutane, domin zama jiran tsammani ya fi tafiyar hatsari.

A zana layi da alƙalami a iyakar kumburin, a rubuta lokaci a gefe, a sake bayan kowane minti 15 zuwa 30. Likita na ganin layukan nan zai san saurin da dafin ke yi. In za a iya ɗaukar hoton macijin daga nesa ba tare da ɓata lokaci ba, to. In ba haka ba a ƙyale shi, likita na iya aiki da alamomin jiki.

Abubuwan da ba a yi sun fi waɗanda ake yi yawa, kuma nan ne masu son taimako ke yin ɓarna. Ba a ɗaure gaɓa tamau da igiya ko roba ko tsumma. Ɗaurin na tsayar da jini, nama ya mutu, mutum ya tsira daga maciji ya rasa ƙafa saboda igiya. In an riga an ɗaure tamau kuma an daɗe, a gaya wa ma'aikatan asibiti su kwance da kansu, don kwancewa farat ɗaya na iya sako dafin gaba ɗaya. Ba a tsaga wurin da reza. Ka tuna dafin kububuwa na hana jini daskarewa, tsaga ɗaya na iya zama ƙofar da ba ta rufuwa. Ba a tsotsa da baki. Ba a sa ƙanƙara, ba a ƙonawa, ba a jona wutar lantarki. Baƙin dutsen da ake mannawa yana kama fata ne don yana shan danshi, ba ya jawo dafin da ya riga ya shige. Ba a ba shi giya, ba a ɗura masa jiƙo don ya yi amai, domin wanda maƙogwaronsa ya fara shanyewa zai shaƙe. In zafi ya dame shi, farasitamol kawai. Asfirin da ibufurofen da dikulofenak na ƙara zubar jini, suna kuma wahalar da ƙoda.

Dalilin da ya sa waɗannan dabaru suka yi suna ba ɓoyayye ba ne. Tun da sara da yawa babu dafi a cikinsa, duk abin da aka yi wa irin wannan mutum zai warke, sai a ce magani ya ci. Wanda dafi ya shiga da gaske shi ne ke biyan kuɗin wannan suna, da sa'o'in da aka ɓatar kafin a nufi asibiti.

Akwai wata dabara da ake yawan rikita ta da ɗaurin igiya. A 1979 wani likitan Ostiraliya, Struan Sutherland, ya nuna cewa naɗe gaɓa gaba ɗaya da faffaɗan bandeji mai talewa, daga yatsu zuwa sama, da matsi irin na targaɗe, sannan a sa katako, na jinkirta yaɗuwar dafi. A Ostiraliya ita ce ƙa'ida, saboda dafin macizansu bai cika cin nama ba. Amma ga saran kasa, kububuwa da gamsheƙa mai tofi, tsare dafin a wuri guda na iya ƙara ruɓewa. Saboda haka ka bi abin da hukumar lafiyar ƙasar da kake aiki ta tsara, kuma kada ka yi ta sai an koya maka da hannu. In kana shakka, katako da gaggawa sun isa.

In tofi ne ya shiga ido, wannan kam ruwa ne maganinsa na farko. A buɗe idon da yatsu a yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15 ko fiye, ba murzawa, sannan a kai shi asibiti a duba ko idon ya sami rauni. Dafin da ya sauka a lafiyayyar fata wanke shi kawai ake yi.

Mataki na bakwai: a hanya, da cikin asibiti

Kada wanda aka sara ya tuƙa kansa. A mota, a kwantar da shi a gefen hagunsa, don in amai ya zo kada ya koma huhu. A babur, a sa shi a tsakiya, wani ya riƙe shi ta baya. Mai rakiya ya zuba ido a kan alamomi, ya kuma riƙe lokacin da kowace ta bayyana: fatar ido na faɗowa, gani biyu-biyu, magana na lauyewa, miyau na dalala, wuya ya kasa riƙe kai, jini daga dasashi ko hanci ko tsohon miki, fitsari ja ko baƙi, amai, suma. In numfashi ya tsaya, a yi ta hura masa iska baki da baki har a isa. Wanda dafin jijiya ya shanye sau da yawa yana ji yana gane komai, motsi ne kawai ya gagare shi, kuma in aka riƙe masa numfashi yana iya tashi sarai. A yi masa magana, kada a yi ta cewa ya tafi a kansa.

A asibiti za a iya yin wani gwaji mai sauƙi: a zuba jininsa kaɗan cikin sabuwar kwalbar gilashi busasshiya, a ajiye minti 20 ba a taɓa ba, sannan a karkata. In jinin bai daskare ba, dafi ya shiga, allura ta wajaba. Ta jijiya ake ba da ita, kuma yaro da babba adadi ɗaya suke samu, tun da maciji bai auna girman jiki ba kafin ya zuba. Wani lokaci sai an maimaita bayan sa'o'i 6 in jinin bai gyaru ba. Allurar kan tayar wa wasu da borin jini mai tsanani, shi ya sa ba a yin ta a gida ko a gona, sai inda akwai adirenalin, maganin da ke kwantar da borin, da wanda ya san aikinsa. Kada wannan ya sa a ƙi ta, ana shawo kansa. Za a kuma duba rigakafin sarƙe-haƙora. A guji allurar tsoka kafin a tabbatar jini na daskarewa.

Ko da bai ji komai ba, ya zauna a sa masa ido na sa'o'i 24. Nan ne masu ƙarfin hali ke kuskure, su ce aiki na jira. Wanda kububuwa ta sara na iya yini yana hira da ɗan kumburi kawai, alhali jininsa ya tsinke, sai bayan kwana ɗaya ko fiye ya zuba a ciki ko a ƙwaƙwalwa. Haka kuma in an makara, ba a cewa lokaci ya wuce. Muddin jini bai koma daskarewa ba, allurar na da amfani ko bayan kwanaki.

Bayan sallama, a koma asibiti in jini ya sake fitowa, in fitsari ya ragu, in mikin ya yi baƙi ko wari, ko in zazzaɓi da ƙaiƙayi da ciwon gaɓoɓi suka taso bayan kwana 5 zuwa mako biyu, wanda martanin jiki ne ga allurar kuma yana da magani. Gaɓar da ta kumbura tana buƙatar motsa jiki a hankali kada ta sandare. Tsoro ma kan biyo baya, an ce wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma wasu kan yi watanni ba sa iya shiga ciyawa ko barci sosai. Abokan aiki kada su mai da shi abin dariya, shugaba kuma ya fara ba shi aikin fili kafin na daji.

A rubuta abin da ya faru a littafin wurin aiki: wuri, lokaci, aikin da ake yi, abin da ke ƙafarsa, da mintunan da aka ɗauka kafin a isa asibiti. Rubutun zai yi amfani wajen neman diyya inda doka ta tanada. Sannan a koma daidai inda abin ya faru, da sanda da takalmi, a kwashe tulin, a sassabe ciyawar, a toshe ramin ɓeran kafin a sake tura wani wurin.